Likitan da ke Karanta Ƙurajen Fuska Daga Hoto

Likitan fata da ido yake fara aiki, shi ya sa duba mara lafiya daga nesa ya karɓi fanninsa sosai. A Mali, tun 2015 ma'aikatan asibitocin karkara ke tura hotunan masu cutar fata ga ƙwararru a Bamako ta shirin Teledermali. Ƙurajen fuska kuwa suna cikin cututtukan da suka fi dacewa da wannan hanya.

Gwani ba ya karɓar kowane hoto. Zai ce a wanke fuska, a goge hoda, a tsaya bakin taga da rana, a ɗauki goshi da kumatu biyu, kada a bar waya ta gyara fatar. Sannan ya zuba ido. Ƙurajen balaga a gauraye suke fitowa: ga mai baƙin kai, ga mai farin kai, ga mai ruwa, domin maiƙo da matacciyar fata ne suka toshe ƙofar gashi, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Idan ya ga duk girmansu ɗaya, sun feso lokaci guda, babu mai baƙin kai, sai ya tambaya: "Hajiya, wane mai kike shafawa?" Sau da yawa man bilicin ne mai sinadarin sitiroyid. Iya bambance wannan daga hoto kaɗai yana burge ni ƙwarai, balle a baƙar fata, inda jan kumburi ke ɓuya, baƙin tabo ne kawai ke fitowa fili, kuma tabon ne ya fi damun mai shi.

Abin da hannu bai taɓa ba, tambaya ce ke cike shi. Suna zafi? Suna ƙaruwa gab da al'ada? Akwai juna biyu? Ta ƙarshen nan ba a tsallake ta, domin a cikin magungunan ƙuraje, isotretinoin yana nakasa ɗan tayi, doxycycline ma ba a ba mai ciki.

In ƙananan ƙuraje ne, benzoyl peroxide da adapalene kan wadatar, a shafa kamar ƙwayar wake da dare. Likitan kirki zai faɗa tun farko cewa fata za ta ɗan bushe, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga sauyi na gaske, lokacin da za a sake turo hoto daga bakin tagar nan, a cikin haske irin na farko, don a gwada. Amma da zarar ya hango manyan ƙulalai masu zurfi da ke barin rami a fata, ba ya jan lokaci a waya: cewa zai yi a zo asibiti ya taɓa da hannunsa.