Jinjina Ga Masu Buɗe Ƙofa Ranar Tsoro

Mu mutanen Kauru da muke maƙwabtaka da Filato ta ƙasar Chawai mun san daren da ƙarar bindiga ke tayar da gari, uwa ta saɓa ɗanta ta nausa daji ba takalmi. A irin wannan rana ake gane mutum.

Ranar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi. Malam Abubakar Abdullahi, limamin Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83, ya buɗe wa mutum 262 ƙofa, akasarinsu Kiristoci. Mata ya shigar da su gidansa, maza ya ɓoye su a masallaci. Da maharan suka iso, ya tsaya a gabansu ba ko sanda, yana roƙonsu, har ya ce a ɗauki ransa a bar baƙinsa. Amurka ta karrama shi a 2019.

Irinsa suna nan a ƙauyukanmu: mai babur da ya koma ɗauko tsohuwa, matar da ta shayar da jaririn maƙwabciya. Ba wanda ya ba su lambar yabo. Allah ya saka musu da alheri.