Masu Lissafin Masaukan Wata

A Birnin Kebbi da Argungu har yau akwai dattijon da zai ɗaga kai bayan Magariba, ya dubi kaurin jinjirin wata da tazararsa daga inda rana ta faɗi, ya ce maka, "Ɗana, wannan kwanansa uku." Je ka duba kalanda, haka za ka tarar. Ya san kullum wata na jinkirin fitowa da kusan minti 50. Ya san a daren sha huɗu rana na faɗuwa shi yana ɓullowa daga gabas, a ƙarshen wata kuma sai da asuba ake ganinsa siriri, kafin ya ɓuya.

Wannan ƙaramin aiki ne a wurin malamin hisabi. Gwanintarsa tana wajen manazil, wato masaukai 28 da wata ke bi a sama, kowane dare ya sauka a ɗaya. Shekarar wata kwana 354 ce, shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa zafi zuwa hunturu, kuma ba mai shuka da lissafinta. Sai malamai suka ɗauki masaukan nan suka auna tafiyar rana da su: kowane masauki, wato tauraro, kwana 13, Jabha kaɗai 14, jimla 365 cif. Bakwai na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Mai noman shinkafa a fadamar Rima, wanda dole shukarsa ta yi ƙarfi kafin gulbi ya cika ya malalo, shi ya fi kowa sanin amfanin wannan. Za ka ji shi bayan sallah ya matso yana tambaya, "Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki?" Malam ya ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, ya faɗa masa sunan tauraron da kwanakin da suka rage masa.

Akwai masu cuɗanya ilimin da duba, su ce watan kaza na aure ne, daren kaza na asara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi yana gargaɗi a kan irinsu, kuma malaman da nake magana a kansu ba ruwansu da gaibu; lokaci suke aunawa. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu sun manyanta, almajiran da ke zama su haddace jerin taurarin a gabansu kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai.