Laburaren Jama'a, Marayan Kasafin Kuɗin Jihar Bauchi

Duk shekara, idan gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban majalisar dokoki, abin da kunnuwanmu ke kamawa shi ne biliyan nawa aka ware wa ilimi. A yi tafi, a yi sambarka, gidajen rediyo su kwana suna maimaitawa. Da wuya ka ji wani ya tambaya: to, a cikin kuɗin nan nawa ne na littafi? Nawa ne na wurin da yaro zai zauna ya karanta shi? Wannan tambayar ce nake son mu mutanen Miri mu fara yi, domin shirun da muke yi a kanta 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinsa.

Bari mu fara da yadda kuɗin laburare ke tafiya a ƙasar nan, don a gane inda gizo ke saƙar. Ɗakunan karatu iri uku ne suka shafe mu: na manyan makarantu, na makarantun firamare da sakandare, sai kuma na jama'a, wanda kowa zai iya shiga ko yana da katin makaranta ko ba shi da shi.

Na manyan makarantu suna da uban goyo a Abuja, wato asusun TETFund. Tushensa harajin ilimi ne da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribarsu, wanda ya hau zuwa kashi 3 a 2023. Dokar 2011 ce ta taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi, kuma bunƙasa laburare na cikin abubuwan da yake ba da kuɗi a kai. Saboda haka Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tatari Ali da ke nan kusa da mu a Wuntin Dada, da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, duk suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa ban da ta gwamnatin jiha.

Firamare da ƙaramar sakandare su ma suna da tasu hanyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Sharaɗin shi ne sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa, sannan hukumar SUBEB ta yi aiki da kuɗin.

To, laburaren jama'a fa? Shi ba TETFund, ba UBEC. Uwarsa da ubansa shi ne kasafin kuɗin jiha, ta hannun Hukumar Laburare ta Jihar Bauchi. In an ware masa kuɗi an kuma saki, ya rayu. In ba a ware ba, ko an ware a takarda an hana a aljihu, babu wanda zai kai wa kuka. Haka ma ɗakunan karatu na manyan sakandare, waɗanda ke wuyan ma'aikatar ilimi ta jiha. Wato daidai wurin da ɗan talaka ya fi buƙata, ɗan aji shida mai shirin WAEC da NECO, da wanda ya gama yana zaman jiran JAMB, nan ne marayan yake.

Laifi na farko da nake gani a tsarin nan shi ne, kuɗin Abuja ya zama wa jihohi matashin kai. Da zarar an ga sabon gini mai tambarin TETFund, sai a ɗauka an gama da batun laburare. Alhali kuɗin tallafi ne, an yi shi don ya ƙara a kan abin da mai makaranta ya sa, ba don ya ɗauke masa nauyi ba. Mai makaranta kuwa ita ce gwamnatin jiha. Albashin ƙwararrun ma'aikata, man janareta, gyaran rufi idan damina ta yi ɓarna, jaridun kowace safiya, waɗannan duk hidimar yau da gobe ce, kuma ba wanda zai zo daga Abuja ya yi maka ita.

Laifi na biyu, mun mayar da laburare gini. Ɗan siyasa yana son abin da za a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ɗan kwangila yana son siminti da rodi. Littafi ba ya fitowa da kyau a hoto. Shi ya sa za ka shiga makarantu da yawa a arewacin nan ka ga ɗaki an rubuta masa laburare a bisa ƙofa, amma a ciki karyayyun kujeru ne aka jibge, ko kuma littattafai na nan a kwali an kulle, makulli na aljihun wani malami da aka ɗora wa aikin a kan darussansa. Ba a ba yara aro, wai kada su yaga. Wallahi littafin da ya yage a hannun yaro ya fi wanda gara ta cinye a kwali amfani. An yi tuya an manta da albasa ke nan. Ita kanta manufar ilimi ta ƙasa ta ɗora wa masu makarantu alhakin samar da laburare mai aiki, kuma tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar rajistar ƙwararrun ma'aikatan laburare. Ashe sana'a ce mai zaman kanta, ba aikin da ake liƙa wa malamin da ya fi kowa haƙuri ba.

Laifi na uku shi ne nisa. Jihar nan an ƙirƙire ta a 1976, ƙananan hukumominta 20 ne, birnin Bauchi kuma kullum sai faɗaɗa yake yi. Babban laburaren jiha yana can cikin gari. Ɗan Miri da ke son zuwa sai ya biya keke zuwa da dawowa, a lokacin da kuɗin abin hawa ya ninka tun cire tallafin man fetur a 2023. Wane uba ne mai 'ya'ya shida zai iya wannan kullum? 'Ya mace kuwa ba a ma maganarta, iyaye da yawa ba za su bar ta ta yi wannan tafiyar ita kaɗai ba. Yawancinmu zuwa muka yi daga garuruwa daban-daban muka yi gida a nan, muka haifi yara a nan, ana karɓar haraji a shagunanmu. Gari ya biyo titin Jos ya iso mu, amma littafi bai biyo shi ba.

Abin takaicin shi ne ba sabon abu muke nema ba. A zamanin yaƙin duniya na biyu hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwan arewa, inda mutane ke zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. A 1952 aka kafa laburaren lardin arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa garuruwa da makarantu. A nan Bauchi, a 1943, 'yan boko suka kafa majalisar tattaunawa, cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen da karatu ya buɗe wa baki har suka iya tsayawa gaban Turawa da sarakuna su yi gardama da hujja. Yau mun sa wa jami'o'i biyu sunayen biyu daga cikinsu. In dai akwatin littafi ya iya fita daga Kaduna a motocin wancan zamani, me zai hana shi fita daga cikin Bauchi ya zo Miri a yau?

Na san abin da wasu za su ce: ai yanzu komai na cikin waya. To, wayar wa? Da datar wa? Gida nawa ne a unguwar nan yaro zai samu wuta da tebur da shiru na awa biyu a jere? Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, amma har gobe akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suke taɓa kwamfuta da hannunsu. Laburaren zamani shi ne maganin wannan: littafi a gefe, kwamfuta da intanet a gefe, da ma'aikacin da zai nuna maka yadda ake nema. Waya ba ta kashe laburare ba, ƙara masa aiki ta yi.

Wasu kuma za su ce asibiti da ruwan sha sun fi gaggawa. Gaskiya ne, ba wanda zai yi musu. Amma ba cewa muka yi a rufe asibiti ba. Abin da reshe ɗaya zai ci a shekara bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Kuma ba za a bar abin ga masu taimako ba. Ofishin jakadancin Amurka ya buɗe sashen karatu a Cibiyar Farfesa Iya Abubakar da ke harabar laburaren jiha, mun gode, amma baƙo raɓa ne. Ita ma hukumar UNESCO, a sanarwarta kan laburaren jama'a da ta fara fitarwa a 1949, matsayinta shi ne hukuma ce ke ɗaukar nauyinsa da kuɗin jama'a, kuma shigarsa kyauta ne.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata mu nema ba shi da yawa. A ba Hukumar Laburare kaso tsayayye daga kuɗin ilimi, a rubuta shi a doka, kada ya zama sai yadda ran kwamishina ya so. A raba kuɗin sayen littafi da kuɗin gini, a riƙa sanar da jama'a nawa aka saki, domin warewa daban, saki daban. A ɗauki waɗanda suka karanci aikin laburare a tura su manyan sakandare. A buɗe ƙananan rassa a unguwannin bakin gari, ko da ɗaki biyu ne a harabar makarantar gwamnati, da sola, a ware wa mata ranaku ko lokuta nasu. A sayi littattafan Hausa da na Larabci tare da na Turanci, don magidanci da matar aure da almajiri su ma su ga nasu a kan kanta.

Mu ma akwai namu aikin. Kasafin kuɗin jihar ana sa shi a intanet, kowa na iya dubawa. Matasanmu masu ilimi su nemo layin Hukumar Laburare, su karanta mana shi a taron ƙungiyar ci gaban unguwa da na iyaye da malamai. Daga nan a rubuta takarda, mai unguwa da limamai su sa hannu, a kai wa ɗan majalisarmu tun kafin a fara kare kasafi, ba bayan an sa hannu ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, a ƙara wannan a kan taransifoma da rijiyar burtsatse da muka saba roƙo.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, mu kuma Ya ba mu bakin tambaya.