Aikatau « devoir » da ma'anoninsa a Ingilishi

Jerin kalmomin Faransanci da Ingilishi da ake bai wa ɗalibai tun daga koleji galibi yana fassara « devoir » da kalma guda, « must », wani lokaci a ƙara « have to » kamar tagwaye ne. A ganinmu wannan taƙaitawa ita ce tushen kurakurai da yawa da muke tararwa cikin takardun fassara har a jami'a.

Mu ɗauki « il a dû partir ». Jimlar na iya nufin tafiya ta zame masa tilas, watau « he had to leave », ko kuma mai magana yana kyautata zaton ya riga ya tafi, watau « he must have left ». Faransanci ya bar wa mai sauraro ya rarrabe daga yadda zancen ya zo. Ingilishi kuwa sai an zaɓi ɗaya, domin « must » ba shi da siffar shuɗaɗɗen lokaci.

Wajen korewa abin ya fi muni. « Tu ne dois pas prendre ce médicament » hani ne: kada ka sha, « you must not ». Ɗalibin da aka koya wa tagwayen nan zai rubuta « you don't have to », wanda ke nufin ba dole ba ne, in ka so ka sha. A takardar likita wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Batun « tu devrais », watau « you should », ba ya wahalar da kowa, mun wuce shi.

Saura ma'anar bashi, wadda jerin kan manta da ita alhali ita ce ta asali, tunda kalmar daga « debere » ta Latin ta fito. « Il me doit 5000 F » shi ne « he owes me ». Ingilishi ma ya bi ta wannan hanya: « ought » tsohuwar siffar shuɗaɗɗen lokaci ce ta « owe », kafin su rabu. A nan Hausa tana juya jimlar, mai kuɗin ne ke yin aikin: ina bin shi jikka 5. Wanda yake tunani da Hausa zai iya fara jimlarsa da « I », ya mayar da mai bin bashi wanda ake bi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ake kauce wa Hausa a ajin Ingilishi. Ɗalibin Maradi ko Damagaram ya riga ya san bambancin « dole », « ya kamata », « kada » da « da alama » tun yana yaro. Da za a ce ya fara faɗin jimlar da Hausa, da ya gane wace « devoir » ce a gabansa kafin ya buɗe ƙamus.