Masu Ganin Abin da Ke Ɓoye a Ƙarshen Layi

A Jos, inda cibiyoyi irin su nHub da ɗaliban Jami'ar Jos suka mai da rubuta manhaja sana'ar matasa, ba wuya ka tarar da mutum uku suna aiki ɗaya a Git: wannan da Windows, wancan da Linux, na ukun da MacBook. Sai ɗayansu ya gyara kalma guda, Git kuwa ya nuna duk layukan fayil ɗin sun canza, ja da kore tun daga sama har ƙasa. A ido babu bambanci ko kaɗan. To, a nan ake gane gwani.

Shi ya san kowane layi yana ƙarewa da alamar da ba ta fitowa a allo. Gadon tafireta ne: mai buga takarda yakan mai da kan na'urar farkon layi, sannan ya ɗaga takardar. Motsi biyu ke nan, CR mai lamba 13 da LF mai lamba 10. Windows ta riƙe duka biyun, Linux da macOS suka tsaya a LF kaɗai. Shi ya sa fayil ɗin umarni da aka rubuta a Windows kan ƙi tashi a sabar Linux, ya bar ka da ^M, wato alamar CR ɗin nan da ta rage.

Mai koyo yakan saita core.autocrlf a kwamfutarsa ya ce an gama. Ba laifi, amma maganin mutum ɗaya ne, gobe sabon abokin aiki ya shigo cutar ta dawo. Abin da ke burge ni da gwani shi ne yana tunanin wanda bai zo ba tukuna. Sai ya buɗe fayil mai suna .gitattributes a cikin aikin kansa, ya rubuta * text=auto, don duk rubutu ya shiga ma'ajiya da LF. Fayilolin .sh ya ɗaure su da eol=lf, na .bat da eol=crlf, hotuna kuma ya ce binary ne, kada Git ya taɓa su ya lalata.

Sannan ya duba da git ls-files --eol, ya daidaita tsofaffin fayiloli da git add --renormalize, umarnin da ya zo a 2018. Wannan gyaran yakan ajiye shi shi kaɗai, ba ya cakuɗa shi da wani aiki, kuma yakan sanar da abokan aiki tun kafin ya tura, don kada aikin da ke hannunsu ya ci karo da shi.