Waƙar Bayan Faifai: Ranar da Beach Boys Suka Ɗebo Wuta a Murhun Beatles

Mako uku ke nan musu ya ƙi mutuwa a teburin mai shayi. Samarinmu na nan Sabo masu shiga sitidiyo sun rabu gida biyu: waɗannan sun saki waƙa, waɗancan sun ce karinsu aka sace. Magana ta kai an daina gaisawa, har iyaye sun fara sa baki. Ba za mu kama suna ba, kowa ya san su, kuma ba shari'a muka zo yankewa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tsohuwar waƙar Turawa da wani dattijonmu mai gyaran rediyo ya sa mana a shagonsa ana tsakiyar wannan cacar baki. Ya ce mu saurara tukuna, sannan mu dawo mu gaya masa mene ne sata, mene ne aro.

Sunan waƙar "Girl Don't Tell Me", ta ƙungiyar Beach Boys ta Amurka, an yi ta a 1965. Ko cikin masu son tsofaffin waƙoƙin Turawa ba kowa ya san ta ba. Tsawonta bai kai minti biyu da rabi ba. Mun ji ta sau ɗaya, muka ce a maimaita, sai dattijon ya ƙi, ya sa mana wata daban: "Ticket to Ride" ta Beatles. Nan take wani yaro a cikinmu ya buga cinya ya ce, "Kai, Baba, ai wannan ma sata ce!" To, a kan wannan hukuncin nasa muke da ja.

Sai an san yadda ƙungiyoyin biyu suke kafin a gane nauyin abin. Beach Boys 'yan gida ɗaya ne daga garin Hawthorne na jihar Kalifoniya: Brian Wilson da ƙannensa Dennis da Carl, da ɗan uwansu Mike Love, da abokinsu Al Jardine. Sun fara a 1961. Brian shi ne mai tsara kiɗa da kari, kuma abin da aka san su da shi shi ne haɗa muryoyi, mutum huɗu ko biyar kowa da nasa layin, su tashi tare kamar murya ɗaya. Suna cikin cin kasuwarsu sai ga Beatles daga Liverpool sun sauka Amurka a watan Fabrairun 1964. Kafin wata biyu, a farkon Afrilu, waƙoƙin Beatles ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jerin Billboard, abin da ba a taɓa gani ba. Wani ƙarin gishiri a ciwon kuma, kamfani ɗaya ne yake buga faifan su duka biyun a Amurka, wato Capitol. Ka ga ke nan kishiya aka kawo har cikin ɗaki. Mu da muka zauna Ibadan lokacin da gari ya rabu tsakanin masu Barrister da masu Kollington, ko kafin nan tsakanin masu Sunny Ade da masu Obey, ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan zaman ba.

A ƙarshen 1964 Brian ya samu matsalar ruɗewar hankali a cikin jirgin sama, ya daina bin sauran yawon wasa, ya zauna gida yana rubutu da ɗaukar kiɗa kawai. Kunnensa kuwa yana kan abin da 'yan Ingila ke fitarwa. "Ticket to Ride" ta fito a watan Afrilun 1965, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka. A ranar 30 ga wannan watan, wata bai ko cika ba, Beach Boys suka shiga sitidiyo suka ɗauki "Girl Don't Tell Me". Saboda haka maganar wai dace aka yi ba ta taso ba. Sun ji, sun kuma amsa da zafi-zafinsa.

Me suka ɗauko? Abu na farko da kunne zai kama shi ne jan kalma. A waƙar Beatles, John Lennon yakan kama kalmar ƙarshe ta sunan waƙar ya ja ta, ya karya ta gida uku kamar mai hawa matakala. Carl Wilson ya yi daidai wannan da kalmar da ke nufin rubuta wasiƙa, kuma a Turanci kalmomin biyu sun kusa zama sauti ɗaya, don haka ba ma yadda za a yi a ɓoye. Na biyu ganga: irin gangarowar nan da Ringo Starr yake yi a tsakanin baitoci, Dennis ya kwaikwaye ta. Na uku ƙarar jitar lantarki mai kaɗawa kamar ƙararrawa da ke shigowa ta cike gurbi idan murya ta tsaya. Har yadda Carl yake furta wasu kalmomin ma akwai ƙamshin Lennon a ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce in ba don "Ticket to Ride" ba da waƙar ba ta zo a wannan siffar ba, bai yi ƙarya ba.

Amma fa a saurari abin da ba su ɗauko ba. Waƙar Beatles nauyi gare ta. Kiɗan yana tsaye a kan sauti ɗaya na dogon lokaci, gangar tana tafiya tana ɗingishi da gangan, John da Paul suna rera ta tare, a ƙarshe kuma ta canza gudu ta ruga. Ta Beach Boys kuwa jitar katako ce ke ɗauke da ita, mara nauyi, sai wani ɗan kayan kiɗa mai kama da ƙaramin fiyano da ake kira celesta, wanda Bruce Johnston ya kaɗa, yana ɗiga a sama kamar ana taɓa kofin gilashi da cokali. Karin waƙar, wato hanyar da murya ke bi daga farkon baiti zuwa ƙarshensa, nata ne. Ka rera su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kiɗa ba, za ka ji hanyoyinsu sun rabu, sai a wurin jan kalmar nan kaɗai suke haɗuwa.

Babban abin da ya sa muke ganin an yi wa waƙar nan rashin adalci shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba: babu amshi a cikinta. Ko ɗaya. Ƙungiyar da duk duniya ta san ta da haɗa muryoyi ta bar yaro ɗan shekara 18 shi kaɗai a gaban makirfo. Ku ɗauka a ce Shata ya tashi waƙa ya ce wa 'yan amshinsa yau kowa ya yi shiru. Ai sai an waiga. Kuma a lokacin Brian ya riga ya saba ɗauko ƙwararrun makaɗan haya na Los Angeles su yi masa kiɗa, amma a wannan waƙar 'yan ƙungiyar ne suka kama kayan kiɗansu da kansu, kamar yadda Beatles ke yi. Wato abin da Brian ya koya daga abokan hamayyarsa ya wuce salon ganga. Ya koyi cewa wani lokaci ragewa ake yi.

Kuma ragewar ta dace da labarin. Yaro ne ɗan makaranta da ya je hutu wurin kakarsa bara, ya haɗu da yarinya, suka rabu da alkawarin wasiƙa. Ya rubuta, ba ta ba da amsa ba. Bana ya dawo, ya same ta ta ƙara girma, yana gaya mata kada ta sake yi masa wannan alkawarin, shi ma in ya koma makaranta mantawa zai yi da ita. Iyakar labarin ke nan. To da a ce mutum huɗu suna bayansa suna tausa shi da muryoyi masu daɗi, da abin ya zama wasa. Da yake shi kaɗai ne, kana jin kaɗaicin, kana kuma jin cewa cika bakin da yake yi na zai manta da ita ƙarya yake yi, shi kansa bai yarda da kansa ba. Muryar tana ɗan rawa, ba ta gama nuna ba, kuma wannan rashin nunar shi ne daɗinta.

A nan ne dattijon namu ya yi shiru na ɗan lokaci. Waɗanda suka zo Kurmi kafin zuwan wayar hannu sun san zafin wannan magana fiye da yaran yanzu. Ka ba direban motar goro ko ta shanu wasiƙa, ko ka ɗauki muryarka a kaset ka aika gida, ka zauna kana ƙirga kwanaki, mota ta dawo direba ya ce ya bayar amma ba a ba shi komai ba. Ba ka san ko fushi aka yi, ko an yi mata miji, ko saƙon ne bai isa ba. Bature ɗan Kalifoniya bai san da mu ba lokacin da yake rubuta waƙarsa, amma ciwon jiran amsa iri ɗaya ne.

Ba za mu ce waƙar ba ta da aibu ba. Akwai wurin da yaron ke yaba gashin yarinyar da tufafinta, wanda ya fito da ƙuruciyar marubucin a fili, bai ƙara wa waƙar komai ba. Tana kuma ƙarewa da wuri, kamar an yi sauri a tashi. In aka ce mu ɗora ta a sikeli da "Ticket to Ride", ta Beatles ta fi ta, ba ma musu. Waccan ta buɗe sabuwar ƙofa ce, wannan ta shiga ta ƙofar da aka buɗe. Amma tsakanin "ba ta kai waccan ba" da "ba ta da daraja" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar aka yar da ita.

Yadda aka yi ta ɓace ma abin dubawa ne. Ta fito a kundin Summer Days (And Summer Nights!!) a watan Yulin 1965, kundin da ke ɗauke da "California Girls" da "Help Me, Rhonda", manyan waƙoƙi biyu da suka shanye hankalin kowa. A watan Disamba kuma aka sa ta a bayan ƙaramin faifan "Barbara Ann". Ga yaran da ba su riski garmaho ba: ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, ta gaba ita ake tallatawa a rediyo, ta baya kuwa sai wanda ya saya ya ga dama ya juya. "Barbara Ann" ta kai matsayi na biyu a Amurka, alhali waƙar shagali ce ta dariya da tafi, kuma ba ma tasu ba ce, ta wata ƙungiya ce mai suna Regents tun 1961. Wallahi a wajenmu ta bayan ta fi ta gaban nesa ba kusa ba. Sai a 1974, da Capitol ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu a kundin Endless Summer wanda ya hau matsayi na ɗaya, sannan wasu suka fara jin ta.

Ga masu cewa duk ɗaya ne, aro da sata, su Beach Boys ɗin nan da kansu sun bar mana misalin ɗaya ɓangaren. A 1963 sun fitar da "Surfin' U.S.A.", wadda karinta daga farko har ƙarshe na "Sweet Little Sixteen" ne ta Chuck Berry, kalmomi kawai aka canza. Masu haƙƙin waƙar suka tashi, dole aka sa sunan Berry a kai. A can, in ka cire abin Berry, babu abin da ya rage da za a rera. A "Girl Don't Tell Me" kuwa cire jan kalmar, cire gangarowar gangar, har yanzu kana da waƙa a tsaye da labarinta da karinta. Wannan gwajin muke so samarinmu su yi wa waƙoƙin da suke rigima a kai, su zauna su cire abin da ake cewa an ɗauka, su ga me ya saura. Mun lura dai ɓangarorin biyu duk sun sha daga rijiyar waƙoƙin fina-finan Kano, waɗanda su ma kowa ya san nawa suka ɗebo daga Indiya, amma wannan zance ne na wata rana.

Abin bai tsaya a 1965 ba. A ƙarshen shekarar Beatles suka fitar da Rubber Soul, Brian ya ji, ya sha alwashin yin wanda ya fi shi, ya fito da Pet Sounds a watan Mayun 1966. A cikinsa akwai "God Only Knows", kuma wa aka ba ya rera ta? Carl, yaron nan da aka fara gwada shi shi kaɗai shekara guda kafin nan. Paul McCartney ya sha faɗa da bakinsa cewa tana cikin waƙoƙin da ya fi so a duniya, kuma shi da mai tsara musu kiɗa George Martin duk sun amsa cewa Pet Sounds ya yi tasiri a kan Sgt. Pepper na 1967. Wutar da aka ɗebo ta koma gidan da ta fito ta kunna wani murhun. A ƙarshen 1966 ma masu karanta jaridar kiɗa ta NME, a Ingila ɗin kanta, sun zaɓi Beach Boys a gaban Beatles a matsayin ƙungiyar mawaƙa ta ɗaya a duniya. Muna ganin da Brian bai ji abin da muryar ƙanensa za ta iya ɗauka ba a wannan 'yar waƙar ta bayan faifai, da wuya ya miƙa masa babbar.

Dennis ya rasu a ruwa a 1983, Carl ya bi shi a 1998, Brian kuma a watan Yunin 2025. Waƙoƙin biyu duk suna nan a YouTube ga mai data. Shawararmu a fara da ta Beatles, a bi da ta Beach Boys, sannan a sake jin ta Beach Boys ita kaɗai washegari, bayan waccan ta fita daga kunne. Yaron da ya buga cinya ya yi hakan. Ya dawo shagon ya ce har yanzu yana ganin an ɗauka, amma ya tura ta cikin wayarsa, kuma ya tambayi Baba ko akwai wata a bayan wani faifan.