Zubi da Tsari a Waƙar Sommerfugledalen ta Inger Christensen

Inger Christensen (1935–2009), marubuciya ce daga ƙasar Denmark, ta kuma wallafa Sommerfugledalen a 1991. Ma'anar sunan ita ce kwarin malam-buɗe-littafi. Jigon waƙar mutuwa ne da tunawa da mamata, amma a zubinta ya kamata ɗalibi ya fi zuba ido, domin a can jigon ya fi fitowa.

Da farko a lura cewa ma'aunin waƙar Danish ba irin namu ba ne. Mu nauyin gaɓa muke aunawa, kamar yadda aruli ya tanada. Su kuwa ƙarfin furucin gaɓa suke bi. A nan kowane ɗango yana da ƙafa biyar, kowace ƙafa gaɓa mai rauni ce sannan mai ƙarfi. Wanda ya ɗora mata ma'aunin Larabci zai ga karaya inda babu ita.

An gina waƙar da sonet 15, wato baiti mai ɗango 14, jimilla ɗango 210. Ɗangon ƙarshe na kowane sonet shi ne ɗangon farko na mai bi masa, na 14 kuma ya rufe da ɗangon da ya buɗe na ɗaya. Sonet na 15 ba shi da sabon ɗango ko guda: ɗangwayen farko na sauran 14 aka jera suka tayar da shi. Ke nan kowane ɗangon buɗewa aiki uku yake yi, kuma dole amsa-amonsa ya zauna daidai a wurare ukun. Wannan ya ɗan yi kama da tahamisi, inda ɗangon da ya riga ya wanzu yake juya akalar sababbi, sai dai ita kanta ta ɗaure wa kanta hannu, ba waƙar wani ta ɗauko ba.

A ganina nan ne gwanintar take. Mai karatu yana tafe yana tsammanin sabon abu, alhali ƙarshen yana cikin abin da ya riga ya wuce ta gabansa, tamkar ajali. Alamtarwar malam-buɗe-littafi a matsayin ruhin mamaci tsohuwa ce a adabin Turai, ba ita ta ƙago ta ba, kuma da ita kaɗai waƙar ta dogara da ba ta yi nisa ba.

Matsalar mai fassara ita ce, in ya sauya kalmar amsa-amo ɗaya a sonet na 15, sai ya koma ya gyara wasu sonet biyu.